Zazzaɓin kaluluwa: Ciwon maƙogwaron da ake jinyarsa a gida, amma sai likita ya fara dubawa

Da zarar an gama yankan gero an ɗaure dammuna, filayen kokawa ke buɗewa a ƙauyukan Magarya da Dungas da ke kudancin jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Samari na fita da yamma, makaɗa na zuga su, kowace unguwa na son ɗanta ya kai abokin karawarsa ƙasa. A daidai wannan lokaci ne kuma iska ke juyawa, hunturu ya taso da ƙura, tari da mura da ciwon maƙogwaro su cika gidaje.

Yawancin masu ciwon maƙogwaron kan warke cikin kwana huɗu ko biyar. Amma a kan samu wani saurayi ko wata budurwa da nasu ciwon ke ƙin tafiya. Mako guda ya wuce ana zazzaɓi, haɗiyar yawu ta zama aiki, kaluluwa ta fito a bayan wuya, ga wata kasala da ke sa matashin da ke ɗaukar buhun gero shi kaɗai ya kasa zuwa bakin rijiya. An sha maganin masassara bai yi ba, an sayo kafso a kasuwa bai yi ba, har an fara maganar a kira wanzami.

Ɗaya daga cikin cututtukan da ke zuwa da wannan siffa ita ce wadda likitoci ke kira mononukiliyosis, wadda za a iya kiranta zazzaɓin kaluluwa. Cuta ce da kusan kullum ke warkewa da kanta, kuma a gida ake jinyarta. Sai dai a yanki irin Magarya da Dungas, inda maleriya da mashaƙo da sanƙarau ke iya farawa da kusan irin waɗannan alamomi, iyali ba su da damar yanke hukunci da kansu. Ma'aikacin lafiya ne zai fara tabbatar da cewa ba ɗaya daga cikin masu kisan ba ce, sannan jinyar gida ta biyo baya.

Mece ce wannan cuta?

Mafi yawan masu zazzaɓin kaluluwa na kamuwa ne da wata ƙwayar cuta nau'in bairos da ake kira Epstein-Barr. Wani likitan yara ɗan Jamus, Emil Pfeiffer, ya bayyana ciwon a shekarar 1889. A 1920 ne wasu likitoci biyu a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka suka raɗa masa sunan da ake amfani da shi yau, bayan sun lura da wasu fararen ƙwayoyin jini masu baƙuwar siffa a jinin ɗaliban da ke fama da shi.

Ita kuwa ƙwayar cutar, daga Afirka aka gano hanyarta. A 1958, wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt da ke aiki a Yuganda ya ba da rahoton wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara. Daga naman wannan kumburi da aka riƙa aikawa Landan ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar a 1964. Bayan 'yan shekaru, a 1968, wasu masu bincike a birnin Filadelfiya na Amurka suka nuna cewa ita ce ke haddasa zazzaɓin kaluluwa, bayan da wata ma'aikaciyar ɗakin gwajinsu ta kamu da ciwon.

A yau an san cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane a duniya na ɗauke da wannan ƙwaya. Idan ta shiga jiki ba ta fita, tana kwanciya ne a cikin wasu fararen ƙwayoyin jini har ƙarshen rayuwa, kuma a wajen mafi yawan mutane ba ta sake tayar da wata fitina.

Me ya sa ba a cika jin sunanta a nan ba?

Dalili na farko shi ne shekarun da ake kamuwa. Idan ƙwayar ta kama ƙaramin yaro, yawanci ba a ganin komai, ko kuma a ga ɗan zazzaɓi da mura da ke wucewa ba tare da an kula ba. Wani bincike da aka yi a birnin Akara na Gana a shekarun 1970 ya nuna cewa mafi yawan jariran da aka bibiya sun kamu kafin su cika shekara biyu, kuma ba su nuna alamun zazzaɓin kaluluwa ba. Haka lamarin yake a akasarin ƙasashen Afirka, inda ake zaman gandu, yara ke ci a akushi ɗaya, suna sha da moɗa ɗaya.

Wanda ya tsallake yarinta bai kamu ba, shi ne ke shan wahala idan ta same shi yana saurayi. Garkuwar jikin matashi na yi wa ƙwayar taron dangi, kuma wannan faɗan ne ke kawo zazzaɓi da kumburi da kasala. Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka ta ce aƙalla ɗaya cikin huɗu na matasan da suka kamu da ƙwayar a wannan shekaru kan kwanta ciwon. Shi ya sa a Turai da Amurka aka fi saninta da cutar 'yan makaranta masu shekara 15 zuwa 24.

A Magarya da Dungas irin waɗannan matasa ba su ne mafi rinjaye ba, amma akwai su: 'yan makarantar da suka bar ƙauye suka koma zama a gari, ɗaliban jami'a a Damagaram, almajirai, da masu tafiya ci-rani Kano ko Maigatari suna kwana ɗaki guda da mutum goma. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin biyu na da mutum sama da 900,000, kuma mafi yawansu yara ne da matasa. Ko da kaso kaɗan ne suka kamu a makare, adadin ba ƙarami ba ne.

Dalili na biyu shi ne duk zazzaɓi a yankin masassara ake kiransa. Abin da ba shi da suna a bakin jama'a, da wuya a tambayi likita a kansa.

Yadda take yaɗuwa

Ta yawu take bi. Turawa na yi mata laƙabi da cutar sumba, amma a nan hanyoyinta sun fi haka yawa: moɗar randa da kowa ke kafa wa baki, ludayin fura da ke zagayawa, kofin shayi da ke bi hannu-hannu a fada, ledar ruwa da abokai ke raba sha, asuwaki ko buroshi da aka yi aro, da kuma abincin da uwa ko kaka ke taunawa ta sa wa jariri a baki.

Ba ta da saurin yaɗuwa kamar ƙyanda ko mura. Daga ranar da aka kamu zuwa ranar da alamomi za su fito kan ɗauki mako huɗu zuwa shida, don haka da wuya mutum ya san a wajen wa ya ɗauka. Wanda ya warke na iya ci gaba da fitar da ƙwayar a yawunsa tsawon watanni, kuma masu lafiya ƙalau da suka kamu tun suna yara kan fitar da ita jefi-jefi. Saboda haka babu amfanin killace majiyyaci a ɗaki ko ƙyamarsa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a ware masa kofinsa da cokalinsa da kwanonsa, a riƙa wanke su da sabulu. Har yanzu cutar ba ta da allurar riga-kafi.

Alamominta

Ciwon kan fara da 'yan kwanaki na mutuwar jiki da ciwon kai da rashin sha'awar abinci. Daga nan sai manyan alamomi huɗu su bayyana: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro mai tsanani, kumburin kaluluwa musamman a bayan wuya, wani lokaci har a hamata da matsematsi, da kuma kasala mai nauyi.

Idan aka leƙa bakin majiyyacin, 'ya'yan wuyansa kan kumbura su yi ja, sau da yawa da wani farin abu a kansu. Wasu fatar idonsu kan kumbura. A kusan rabin masu ciwon, saifa na girma. Hanta ma kan taɓu, ko da yake kaɗan ne idonsu ke yin rawaya irin na shawara.

Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro kan lafa cikin mako biyu, mafi yawan mutane kuma kan ji sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu. Kasalar ce ke daɗewa. Wasu kan kai wata biyu ko uku kafin ƙarfinsu ya dawo, kaɗan kuma har wata shida.

Cututtuka uku da dole a fara kawar da zarginsu

Ta farko ita ce maleriya. Magarya na cikin wuraren da cutar ta fi yi wa yara ɓarna a Nijar. Ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa ta MSF na aiki a can tun 2005, kuma a watan Satumban 2018 ta sanar da cewa yara sama da 700 ne ke kwance lokaci guda a sashen yara na asibitin gundumar, akasarinsu saboda maleriya da tamowa. Ƙa'ida ita ce duk zazzaɓi a yi masa gwajin jini na gaggawa cikin awa 24. Mutum na iya ɗauke da cututtukan biyu a tare, don haka idan an sha maganin maleriya na kwana uku zazzaɓi bai sauka ba, a koma inda aka karɓo shi.

Ta biyu ita ce mashaƙo, kuma ita ce ta fi kama da zazzaɓin kaluluwa a ido. A 2023 cutar ta ɓarke a gundumar Matamaye, maƙwabciyar Magarya, a daidai lokacin da Jihar Kano ke fama da mummunar annobarta. Ita ma tana zuwa da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da farin abu a maƙoshi. Bambancin shi ne na mashaƙo kan zama wata fata mai kauri, ruwan toka, wadda ke manne wa nama, idan aka kankare ta sai jini ya fito, kuma tana iya toshe hanyar numfashi. Gubar da ƙwayar ke fitarwa na lalata zuciya da jijiyoyi. Ko da magani, tana kashe mutum biyar zuwa goma cikin 100, kuma ta fi haka a ƙananan yara. Wannan bambanci ba na tantancewa da tocila a tsakar gida ba ne. Duk farin abu a maƙogwaro tare da kumburin wuya, a ɗauke shi mashaƙo ne har sai ma'aikacin lafiya ya ce ba shi ba ne, musamman ga yaron da bai kammala allurar riga-kafin da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14 da haihuwa ba.

Ta uku ita ce sanƙarau. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023, an samu mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas ce ta fi yawa da mutum 342 da mutuwa shida, Magarya kuma 38 da mutuwa biyar. Mai zazzaɓin kaluluwa na iya jin zafi idan ya juya wuya saboda kumburi, amma yana iya sunkuyar da kai. Mai sanƙarau kuwa wuyansa kan sandare, ciwon kan zo masa farat ɗaya da amai da ciwon kai mai tsanani, haske na damun idonsa, hankalinsa na iya gushewa. A jariri, maɗiga kan kumbura. Tana iya kisa cikin kwana ɗaya.

Bayan waɗannan uku akwai wasu da likita zai yi tunaninsu. Akwai ciwon maƙogwaro na ƙwayar bakteriya, wanda shi yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin idan aka bar shi yana iya taɓa zuciyar yaro daga baya. Akwai hangum, akwai tarin fuka da ke kama kaluluwar wuya. Farkon kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki ma kan zo da irin wannan siffa, shi ya sa likita zai iya ba matashi shawarar yin gwajinta, kuma wannan ba zargi ba ne.

Abin da ake yi a asibiti

A cibiyar lafiya ta ƙauye, ma'aikaci zai auna zafin jiki, ya yi gwajin maleriya, ya duba maƙogwaro, ya shafa wuya, ya lallatsa ciki a hankali don jin girman saifa da hanta. Sau da yawa wannan dubawa tare da tarihin ciwon sun isa a yi zaton zazzaɓin kaluluwa.

Tabbatarwa aikin ɗakin gwaji ne. Ana ƙirga ƙwayoyin jini a ga ko wani nau'in fararen ya yi yawa da baƙuwar siffa, akwai kuma wani gwajin jini na musamman da asalinsa ya samo tun 1932. Wannan gwaji kan iya nuna babu cutar alhali akwai ta, musamman a makon farko da kuma a yara 'yan ƙasa da shekara huɗu. Idan ma'aikacin lafiya ya ga buƙatar ƙarin bincike, zai tura majiyyaci asibitin gunduma ko babban asibitin Damagaram, mai nisan kimanin kilomita 90 daga Magarya.

Tun 2006 dokar Nijar ta tanadi duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a cibiyoyin gwamnati. Matasa ba sa cikin wannan tsari, kuma shi ne abin da ke sa da yawansu tsayawa wajen mai tallar magani. Sai dai kuɗin da ake kashewa a kan kafso kala uku da ba su da amfani kan iya kaiwa kuɗin ganin ma'aikacin lafiya sau ɗaya.

Jinya a gida

Idan an tabbatar ba wata cuta mai haɗari ba ce, abin da ya rage aikin iyali ne. Babu maganin da ke kashe wannan ƙwaya. Jiki ne ke yaƙinsa, jinya kuma taimaka masa take yi.

Na farko hutu. Majiyyaci ya kwanta idan jikinsa ya nema, ya tashi ya ɗan zagaya tsakar gida idan ya ji dama. Ba a tilasta masa kwanciya dare da rana, ba a kuma tilasta masa fita gona. A nan ne iyaye ke buƙatar haƙuri, domin zazzaɓi kan sauka kasala ta rage, sai a fara ce wa yaro rago ko a ce lalaci ne ke damunsa. Kasalar daga cikin ciwon take.

Na biyu ruwa. Zafin haɗiya kan sa majiyyaci ya ƙi sha, ga zazzaɓi na busar da jiki, ga iskar hunturu. A riƙa ba shi ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. Idan fitsarinsa ya yi kaɗan ko ya yi ja sosai, ruwan bai isa ba, a haɗa masa da ruwan gishiri da sukari na leda da ake bayarwa a cibiyoyin lafiya. Idan ciwon ya faɗo cikin watan azumi, mai zazzaɓin da ba ya iya haɗiya na cikin marasa lafiyar da aka yi wa rangwame.

Na uku abinci mai laushi: koko, kunun gyaɗa, kunun tsamiya mara tsami sosai, fura da aka dama da ruwa-ruwa, nono mai kyau, romo, dafaffen ƙwai, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa. A rage yaji da abu mai ƙarfi irin ƙuli-ƙuli da ƙilishi har maƙogwaro ya lafa.

Na huɗu rage zafi. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kurkure maƙogwaro a zubar, sau da yawa a rana, ga wanda ya isa ya kurkura ba tare da ya haɗiye ba. Zuma a ruwan ɗumi na sanyaya maƙoshi, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Farasitamol na sauke zazzaɓi da zafi. Babba kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, a rarrabe. Tunda ciwon na taɓa hanta, ma'aikacin lafiya na iya cewa a sha ƙasa da haka. Na yara da nauyinsu ake auna shi. A kula, yawancin magungunan mura da na ciwon jiki da ake sayarwa a kasuwa na ɗauke da farasitamol a ciki, don haka mutum na iya ninka adadin bai sani ba.

Abubuwa huɗu da ke ƙara ɓata lamari

Kafso. Magungunan kashe bakteriya ba sa yi wa bairos komai. Amoksisilin da amfisilin, waɗanda su ne aka fi saya idan maƙogwaro na ciwo, kan sa da yawa daga masu zazzaɓin kaluluwa su feso da jajayen ƙuraje a duk jiki bayan 'yan kwanaki. Sai iyali su ɗauka ƙyanda ce ta fito, a shiga wani sabon magani. Idan likita ya gano akwai bakteriya a kan ciwon, shi zai zaɓi wanda ya dace.

Asfirin. Ba a ba yara da matasa masu zazzaɓin bairos, domin yana iya jawo wata larura da ba ta cika faruwa ba amma tana lalata hanta da ƙwaƙwalwa.

Tramol da sauran ƙwayoyin ƙarin kuzari. Saurayin da ke ganin aikin kaka na wuce shi na iya haɗiyar ƙwaya don ya tashi. Ƙwayar na rufe zafin ne kawai, ta ba shi damar yin aikin da jikinsa ke hana shi, kuma wannan shi ne babban haɗari ga saifa.

Aska. A ƙasar Hausa, ciwon maƙogwaron da ya daɗe kan kai mutum wajen wanzami a cire beli, kumburin wuya kuma a yi masa tsaga ko sakiya. Wanzamai na da daraja a cikin al'umma, amma a wannan ciwo beli ba shi da laifi, kuma kaluluwar ba ƙurji ba ce da ke da mugunya a ciki. Yanka maƙoshin da ya riga ya kumbura na iya kawo zubar jini, ya ƙara hana ci da sha, ya buɗe ƙofa ga wasu ƙwayoyin cuta. Idan kuwa aka yi rashin sa'a mashaƙo ne, an ɓata kwanakin da magani zai yi aiki, an kuma ɗauki cutar a aska zuwa wani gida.

Saifa da filin kokawa

Saifa na ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, kuma cike take da jini. Idan zazzaɓin kaluluwa ya kumbura ta, fatar da ke lulluɓe da ita kan yi rauni. Faɗuwa, naushi, gwiwa a ciki, ko ma yunƙurin ɗaga kaya mai nauyi na iya fasa ta, jini ya riƙa zuba a cikin ciki ba tare da an ga ɗigo a waje ba.

Abu ne da ba ya yawan faruwa. Bincike ya nuna bai kai mutum ɗaya cikin 200 na masu ciwon ba, kuma yawanci cikin mako uku na farko yake aukuwa. Amma idan ya auku, ana buƙatar ƙarin jini da ɗakin tiyata cikin sa'o'i kaɗan. Ga mutumin da ke wani ƙauye a Dogo-Dogo ko Malawa ko Sasumburum, wanda sai an nemo amalanke ko babur kafin a kai ga kwalta, waɗannan sa'o'i na iya ƙarewa a hanya. Ga shi kuma a yankin da maleriya ta yi katutu, yara da matasa da yawa saifarsu ta riga ta ɗan girma tun kafin wannan ciwo.

Kokawa ita ce sarauniyar wasanni a Nijar. Tun 1975 da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa, kowane saurayi mai ƙarfi a karkara ke mafarkin wakiltar jiharsa, kuma zaɓen 'yan wasa daga filayen ƙauye yake farawa. Don haka ce wa ɗan kokawa ya zauna wata guda a tsakiyar kaka ba ƙaramar magana ba ce. Amma shawarar likitoci ita ce aƙalla mako uku daga farkon ciwon babu aikin ƙarfi, aƙalla mako huɗu kuma babu wasan da ake haɗa jiki: kokawa, dambe, langa, ƙwallon ƙafa. Haka ma ɗaukar buhu, jan guga a rijiya mai zurfi, daka, faskare, da doguwar tafiya a kan babur a hanya mai gargada. Kafin a koma fili, a koma wajen ma'aikacin lafiya ya sake duba cikin.

Wannan saƙo ba na majiyyaci kaɗai ba ne. Iyaye, masu horar da 'yan wasa, malaman makaranta da shugabannin fada su ne za su iya hana saurayin da ya ji ɗan sauƙi shiga fili saboda kunyar abokai.

Alamomin da ke cewa a tafi asibiti yanzu

Ko da an ce a yi jinya a gida, a ɗauki majiyyaci nan take idan numfashinsa ya fara wahala ko yana fitar da ƙara, ko ya kasa haɗiyar yawu har yana dalala. Haka idan ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a hagun cikinsa, musamman idan zafin ya haura kafaɗar hagu, ko jiri ya ɗebe shi, ko tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari. Haka idan wuya ya sandare, ko ya fara sambatu, ko ya yi jijjiga. Haka idan ido ya yi rawaya, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko zazzaɓi ya wuce kwana goma bai sauka ba.

Kumburin maƙoshi da ke barazana ga numfashi na da magani a asibiti, kuma yana aiki da sauri idan an kai mutum da wuri.

Kumburin da ba a jira

Akwai wani abu guda da ya kamata iyaye a yankin su sani game da wannan ƙwaya. Ciwon dajin da Denis Burkitt ya gani a Yuganda na da alaƙa da haɗuwar abu biyu: kamuwa da ƙwayar Epstein-Barr tun ana jariri, da yawan kamuwa da maleriya. Yara kaɗan ne ƙwarai ke samunsa cikin miliyoyin da ke ɗauke da ƙwayar, amma yana cikin cututtukan dajin da suka fi kama yara a ƙasashen Afirka masu fama da maleriya.

Kaluluwar zazzaɓi na fitowa ne ta ɓangarori biyu na wuya, tana da ɗan zafi, kuma tana raguwa cikin makonni. Wancan kuwa kan kumbura muƙamuƙi ko gefen fuska ko ciki, haƙora su fara girgiɗa, kuma yana girma da saurin da ake gani daga kwana zuwa kwana. Yana jin magani sosai idan an kai yaro babban asibiti da wuri. Duk kumburin da ke ƙaruwa bayan mako biyu maimakon ya ragu, ko kaluluwar da ta yi tauri ta wuce wata guda tare da rama da gumin dare, a kai a duba. Gidan sauro da maganin riga-kafin maleriya da ake raba wa yara da damina, wanda Magarya na cikin gundumomin da aka fara shi a 2013, na rage ɗaya daga cikin abubuwa biyun da ke share wa wannan ciwo hanya.

Ga mafi yawan matasan da zazzaɓin kaluluwa zai kama a Magarya da Dungas, abin da zai ci musu shi ne mako biyu na wahalar haɗiya, wata guda ba gona ba fili, da ɗan lokaci na kasala. Wanda ya fara da zuwa cibiyar lafiya, ya bar kafso da aska, ya kuma haƙura da kokawar bana, yana da kyakkyawan zaton shiga ta baɗi da cikakken ƙarfinsa.